Motar da Ba Ta Tashi Sai an Tura

Akwai wani mutum, manomi, da ke zaune a wani ƙauye a gindin duwatsu, nesa da titi. Gidansa na bisa tudu. Daga ƙofar gidan hanya ta gangara har zuwa wani kwari mai yashi, sa'an nan ta sake hawa ta nufi bakin titi. Mutumin yana da mata mai suna Afiniki, da 'ya ɗaya, Tabita, wadda ta yi aure a wani gari. Yana kuma da wata tsohuwar akori-kura da ya saya tun yana da ƙarfinsa, ita kaɗai ce mota a ƙauyen. Ita ke kai buhunan gyaɗa kasuwa, ita ke ɗauko amarya, ita ke kai mai naƙuda asibiti, in an yi rasuwa kuma ita ke ɗaukar akwatin gawa.

Shekara da shekaru motar nan da ya murɗa makulli take tashi. Ran nan da safe ya murɗa, sai ta ce ƙas-ƙas-ƙas, ta yi shiru. Ya sake murɗawa, ta maimaita masa. Maƙwabta suka fito suka sa hannu, suka tura ta zuwa bakin gangare. Ya sa giya, ya bari ta ɗauki gudu, ya saki kuloci. Motar ta yi tari, ta girgiza, ta tashi da hayaƙi. Mutumin ya leƙo ta taga yana dariya, ya ce, "Ashe maganin yana ƙofar gidana!"

Tun daga ranar bai ƙara ajiye ta a fili ba. In ya dawo, sai ya juya hancinta ya fuskanci gangare, ya sa dutse a gindin taya. In za su fita, Afiniki ce ke ɗaure zane, ta zare dutsen, ta dafa bayan motar ta ba ta turin farko, sa'an nan ta biyo ta da sassarfa har kwari ta shiga. In motar ta mutu a kasuwa, ba a rasa masu turawa, gama mutumin yana da kirki, kowa ya taɓa cin moriyarsa. Har mutanen ƙauyen suka raɗa wa motar suna Sai-an-tura. Shi kansa da sunan yake kiranta, yana shafa mata goshi.

Kada ku ce bai yi kome ba, ya yi. Ya ce batir ne ya tsufa, ya sayo sabo. Ta ɗan yi dama kwana biyu, ta koma ƙas-ƙas ɗinta, sai ya ce mai shagon ya cuce shi. Ya ce man 'yan bumburutu ne, ya canja wurin sayen mai. Wani a tasha ya ce masa fulogi ne, ya canja fulogi. Ya sa aka yi mata sabon fenti shuɗi, aka rubuta mata "Allah Mai Iko" a goshi da manyan baƙaƙe. Kowace Asabar yana wanke ta har tana ƙyalli. Kai, in ka gan ta ran Lahadi a ƙofar majami'a, sai ka ce jiya aka sauko da ita daga jirgi. Amma ana tashi sujada sai ka ga dattawa da manyan riguna sun naɗe hannu suna turawa.

Afiniki kuwa mace ce mai haƙuri, kuma ba mota kaɗai take turawa a gidan ba. Ita ke tashe shi da sassafe su yi addu'a. Ita ke buɗe Littafi ta karanta, ita ke roƙo, shi kuma ya ce amin, wani lokaci ma da gyangyaɗi. Ran Lahadi ita ke ajiye masa riga a bakin gado ta ce ƙararrawa ta buga.

Tana da ƙane, Irmiya, makanike ne a birni. Wata shekara ya zo musu Kirsimeti, ya ga yayarsa da sabon zane da ɗankwali tana zare dutse tana tura mota. Abin bai yi masa daɗi ba. Bayan an ci shinkafa ya ce wa mutumin, "Yaya, ara mini makullin nan in ji muryarta."

Ya murɗa, ta ce ƙas-ƙas-ƙas. Ya karkata kai yana saurare, ya sake murɗawa.

Ya ce, "Yaya, mota ba ta ƙin tashi haka kawai, tana faɗin abin da ke damunta. In injin yana juyawa amma bai kama ba, sai a nemi mai ko tartsatsin fulogi. In ta yi shiru ɗif, hanyar wuta ta yanke. Wannan ƙas-ƙas kuwa cewa take yi wuta na zuwa, amma kaɗan, wani abu ya tare ta a hanya. Tun da batirin sabo ne, laifin yana tsakaninsa da injin. Bari in ɗauko jakata in buɗe bonet."

Mutumin ya yi dariya ya karɓe makullinsa. Ya ce, "Kai Irmiya, cin shinkafa ka zo ko wanka da baƙin mai? Yau Kirsimeti. Ka bar ta, ni da ita mun san juna."

Afiniki ta ce, "Baban Tabita, ka bar shi ya duba mana. Ƙuguna ya fara gajiya da turin nan."

Ya ce, "Za a duba. Bari mu ga bayan kaka."

Gaskiyar magana, abu biyu ne suka hana shi. Ya san Irmiya tun yana yawo ba wando, lokacin da shi mutumin yake zuwa neman auren Afiniki, kuma bai ga yadda yaron jiya zai koya masa halin motarsa a gaban baƙi ba. Na biyun ya fi nauyi, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba: tsoro yake ji. Yana tsoron a buɗe a ga wata babbar ɓarna, a ce injin ya gama, a ce sai an kwance ta ta yi watanni a kan duwatsu. Ya gwammace kada ya sani. Muddin gangare na nan, Afiniki na nan, ai motar na tashi.

Damina ta zo ta wuce. Kaka ta yi, mutanen ƙauyen suka watse zuwa gonakin jeji, wasu can suke kwana saboda birai. Ba wanda ya rage a gari sai tsofaffi tukuf da jarirai. Mutumin da matarsa suna gonar bayan gida suna tsinkar gyaɗa. Da hantsi ya yi, Afiniki ta sunkuya ta ɗaga wani tarin harawa da ya kwana biyu a ƙasa. Sai ya ji ta ce, "Wayyo!" Ya juyo, ya ga baƙin maciji yana sulalewa tsakanin kunyoyin gonar, ita kuma ta riƙe hannunta.

Ya yage gefen rigarsa ya ɗaure mata dantse. Ya rungumo ta ya kawo ta mota, ya zaunar da ita a gaba. Tana cewa, "Kada ka firgita, asibiti ba nisa a mota." Gaskiya ta faɗa, a mota ba nisa.

Ya ɗaga murya ya kira maƙwabta, ba wanda ya amsa sai kaji. Ya sunkuya ya zare dutsen da kansa, ya sa kafaɗa a jikin ƙofa ya tura, da ta fara tafiya ya yi tsalle ya faɗa ciki. Motar ta ɗauki gangare kamar kullum. Ya sa giya, ya saki kuloci. Ta fizga, ta yi gurnani, ba ta kama ba. Ya taka, ya bari ta ƙara gudu, ya sake saki. Ba ta kama ba. Yana kallon gangaren yana ƙarewa a gabansa, yana cewa, "Haba, haba, yau kaɗai!" Tayoyin suka shiga yashin kwari, motar ta yi ajiyar zuciya ta tsaya.

Ya murɗa makulli. Ko ƙas-ƙas ɗin da ya saba ji babu. Ya danna ham, shiru. Ya fita ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon wayoyi da ƙarafa, kowanne na zaune a wurinsa lafiya lau a idonsa. Ya ɗauki dutse ya bubbuga kan batir. Ya koma baya ya sa ƙirji ya tura, ƙafafunsa suna nutsewa cikin yashi, motar ko motsi. Gaba hawa ne, baya hawa ne, shi kuwa mutum ɗaya ne, ga furfura.

Sai ya ji muryarta daga ciki, ta yi ƙasa, harshen ya fara nauyi. Ta ce, "Baban Tabita, shiga ka riƙe sitiyari. Bari in sauko in tura maka."

Ya zagayo ya same ta tana laluben marfin ƙofa, idanunta suna rufewa da kansu. Nan ya fashe da kuka. Ya durƙusa ya goya ta, ya ɗaure ta da zanenta, ya kama hawa da ƙafa.

Rana ta take. Yana tafiya yana tuntuɓe, yana jin numfashinta a wuyansa yana raguwa. Can ta ce, "Ka yi mana addu'a." Ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai fara. Shekarun nan duka ita ke farawa. Ya ce, "Ya Ubangiji," ya tsaya. Ya sake cewa, "Ya Ubangiji," bai sami na gaba ba. Sai ita ta karɓa, da kalmomin da da ƙyar suke fita. Ta roƙa wa Tabita, ta roƙa masa, ta ba da ranta a hannun Mai Cetonta. Shi kuma ya ce amin.

Ya kai inda yake jin ƙarar manyan motoci a titi, sai ya ji nauyinta ya canja a bayansa. Ya kira sunanta, abin da bai saba yi ba, ba ta amsa ba. Ya sauke ta a inuwar wata ɗorawa, ya zauna kusa da ita har masu dawowa daga gona suka same su.

A kafaɗa aka ɗauki akwatinta zuwa kabari, gama motar da ta ɗauki gawar kowa tana can cikin kwari. Bayan an gama zaman makoki, baƙi sun watse, Irmiya ya ɗauki jakarsa ya ce, "Yaya, zo mu gangara. Ba za a bar motar ta tare hanya ba." Mutumin bai so ba, amma ya bi shi.

Irmiya ya murɗa makulli, shiru. Ya danna ham, shiru. Ya leƙa tanki, akwai mai. Ya ɗauki guntuwar waya ya gwada kan batir, sai wuta ta yi tartsatsi har mutumin ya ja da baya. Irmiya ya ce, "Batirin da ransa." Sa'an nan ya kama wata baƙar waya mai kauri da ta tashi daga batir ta nufi jikin motar, ya bi ta da yatsu a hankali zuwa ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Ya ɗan ja, sai ta biyo hannunsa.

Daga waje robarta lafiya take, ba ko ƙwarzane. Ya sa wuƙa ya tsaga. Ciki babu kome sai wani gari kore da fari, ya zube a tafin hannunsa. Ya ce, "Ka gani, Yaya? A cikin robar nan da siraran zaren tagulla ne masu yawa a murɗe. Ruwa ya sami hanya ya shiga, tsatsa ta riƙa cin su ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da ta fara ƙas-ƙas, sun ragu ne, ba sa iya ɗaukar wutar da za ta juya injin. 'Yan da suka rage su ne ke ba ta abin da take kamawa da shi in an tura. Ran nan na ƙarshen ya tsinke."

Ya buɗe jakarsa ya fito da wata waya, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Ya kankare wurin da wuƙa har ƙarfen ya yi fari, ya ɗaura, ya ɗaure noti da sifana. Aikin duka bai kai shan kwanon kunu ba. Ya ce, "Yaya, shiga ka murɗa."

Mutumin ya shiga. Ɗankwalin Afiniki yana nan a kan kujera inda ya zame. Ya murɗa makulli, motar ta tashi nan take, a tsakiyar yashi, ba gangare, ba mai turawa.

Ya daɗe yana sauraron injin. Sa'an nan ya ce, bai ɗaga ido ba, "Irmiya, ka faɗa mini gaskiya. Ran Kirsimeti, da na bar ka ka buɗe?"

Irmiya ya goge hannunsa da tsumma, idonsa ya cika. Ya ce, "Rai a hannun Allah yake, Yaya, ban san wannan ba. Amma motar, da ta tashi."

Mutumin ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Ham ɗin da ya ƙi amsa masa ran nan ya ɗauki kuka, ya cika kwarin, har mutane suka fito daga gidaje suna leƙowa daga kan tudu. Bai ɗaga kansa ba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Motar ita ce zuciyar mutum a gaban Allah. Batirin nan mai rai shi ne ikon Ubangiji, wanda bai taɓa tsufa ba, bai taɓa raguwa ba. Wayar da ke ɓoye a ƙasa kuwa ita ce zumuncinka da Yesu Almasihu, kai da shi, inda ba wanda yake gani: addu'ar da kake yi a ɗakinka, Maganar da kake karantawa don kanka, zunubin da kake furtawa da bakinka. Wannan waya ba ta tsinkewa rana ɗaya. Zare zare take mutuwa. Yau gajiya, gobe fushin da ka ƙi saki, jibi wani abin da kake yi a ɓoye ka ce ba kome. Robar kuwa tana nan da kyanta, ba wanda zai ce wani abu ya same ka.

Wasunmu a nan mun daɗe muna ƙas-ƙas, mun kuma sani. Ka durƙusa, addu'a ta ƙi fita. Ka buɗe Littafi, ka ji kamar kana tauna ƙaiƙayi. Maimakon ka nemi dalili, sai ka ce wa'azin fasto ne ba gishiri, ka ce mawaƙa ne suka lalace, ka canja majami'a kamar yadda mutumin ya canja batir. Ka ɗinka sabuwar rigar zumunta, ka zauna a kujerar gaba. Fenti ke nan. Sa'an nan ka sami gangarenka: babban taro, ko Kirsimeti, ko ranar da aka buga ganga jikinka ya yi yam, ka ce ai ga shi na tashi. Ba ka tashi ba, ɗan'uwa, gangare ne ya ja ka, kuma kowane gangare yana da kwari a ƙarshensa.

Ban ce turawa laifi ba ne. Allah ya sa wa masu turawa albarka, da ba don su ba, da yawancinmu mun daɗe a bakin hanya. Amma ku iyayen gida, da ku nake. Nawa ne a cikinku matanku ke zare muku dutse kowace safiya? Ita ta tashe ka, ita ta karanta, ita ta roƙa, kai naka amin. Ku matasa kuma, bangaskiyar mahaifiyarku kuke hawa. Rana tana zuwa da mai tura ka ce za ta kwanta, ta dube ka ta ce ka yi mana addu'a. Me za ka ce a ranar?

Kada kowa ya fita daga nan ya ce Allah ya ɗauki ran Afiniki don ya hori mijinta. Ban faɗa ba, misalin ma bai faɗa ba. Ita wayarta lafiya take, ta tafi wurin Ubangijinta da addu'a a bakinta. Abin baƙin cikin shi ne wanda ya rage. A ranar da aka fi bukatarsa ba shi da abin bayarwa, alhali mai gyara ya zo har gidansa, ya ci shinkafarsa, da jakar aiki a gefe.

Na san abin da ke hana mu, shi ne abin da ya hana mutumin nan. Girman kai, da tsoron kada a buɗe a ga ɓarnar ta fi ƙarfin gyara. Ku ji ni da kyau: Ubangiji ba ya buɗe zuciya don ya kunyata mai ita. Ya riga ya san inda tsatsar take, hannunsa yana kaiwa inda idonka ba ya kaiwa, kuma ko ɓarnar babba ce ba ta fi ƙarfinsa ba. Abu ɗaya ne ba zai yi ba, ba zai ƙwace makulli daga hannunka ba.

Mutumin nan ya rayu shekaru bayan haka. A fili yake ajiye motar, tana tashi da murɗawa ɗaya, ta kuma kai mutane da yawa asibiti a kan lokaci. Ya koyi yin addu'a da bakinsa, Ubangiji kuma ya karɓe shi, gama jinƙansa ba ya ƙarewa. Amma dutsen nan yana nan a ƙofar gida, ya hana kowa ɗauke shi. Kowace safiya yakan wuce ta gefensa, ya shiga mota, ya dubi kujerar da ba kowa.

Mai gyara yana ƙofarka yau, yana cewa ara mini makullin. Kada ka ce masa bayan kaka.